Ido Ke Tuƙi Kafin Hannu

Mai koyon mota yakan kafa ido a bayan motar da ke gabansa, alhali tuƙi nagari daga hangen nesa yake farawa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kuma idan gudu ya ninku biyu, nisan da za ta yi bayan an taka birki yakan ninku huɗu. Shi ya sa wanda ya hango ƙwallo ta gangaro titi yake sassautawa tun kafin yaro ya biyo ta. Tazarar daƙiƙa uku ita ce ma'auni: motar gaba na wuce turken lantarki, ka ƙirga uku kafin ka iso shi.

Wasu za su ce a cunkoson Kano duk tazarar da ka bari, ɗan adaidaita sahu zai cusa kai. Haka ne, amma sake buɗe tazara daƙiƙu kaɗan ne, gyaran gaban mota kuwa kwanaki a gareji. Sanin faɗin mota ma koyonsa ake yi: jera jarkoki a fili, ka riƙa ratsawa kana duba madubi. Mai koyo, ɗaga kai ka dubi nesa.