Kwazar: Ƙaramin Haske Mai Babban Labari

A Tirmini, idan dare ya yi kuma babu wata, taurari suna cika sama fal. Tsofaffinmu sun san da yawa daga cikinsu. Sun san Kaza da ƴaƴanta, sun san Zara, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. To, amma akwai wasu abubuwa a sama waɗanda ido ba ya gani, sai da babban madubin hangen nesa. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu. Masana suna ce masa kwazar.

Mu fara da taurari. Su ma a garke suke, kamar shanu. Ranarmu tauraro ce, tana cikin wani garke mai taurari sama da miliyar 100. Miliyar ɗaya ita ce miliyon dubu. Farar hanyar nan mai kama da hayaƙi, wadda take ratsa sama da dare, ita ce garkenmu. Bayan namu akwai wasu garkuna masu ɗimbin yawa, can nesa.

Yaya ake auna nisansu? Da tafiyar haske ake aunawa. Haske yana cin kilomita 300,000 a cikin sakan ɗaya. Wato a sakan ɗaya zai je Yamai daga Damagaram ya komo fiye da sau 150. Duk da saurin nan, hasken rana yana yin minti 8 kafin ya iso gare mu. Na taurari kuwa shekaru yake yi a hanya.

Yanzu ku tuna da bakan gizo. Hasken rana fari ne a ido, amma idan ya ratsa ɗigon ruwan sama sai ya rabu kala-kala. Ja yana gefe ɗaya, shuɗi yana wajen ɗaya gefen. Masana suna da gilashin da yake raba hasken tauraro kamar haka. Idan sun raba shi, sai su ga waɗansu layuka a cikin kalolin. Kowane irin abu da yake ba da haske yana da layukansa, kuma kowane layi yana da wurin zamansa. Kamar shaidar da makiyayi yake yi wa dabbarsa ne: mai sani yana gani zai gane ta wane ce.

Sai kuma mu je bakin gudurun, hanyar Damagaram zuwa Maraɗi. Babbar mota ta taho da gudu tana oda. Lokacin da take nufo ka, ƙarar siririya ce, mai kaifi. Tana wuce ka, sai ƙarar ta yi kauri. Direba bai sauya oda ba. Ƙara tana tafiya kamar igiyar ruwa a tabki. Idan mota tana nufo ka, igiyoyin suna matsuwa. Idan tana gudu daga gare ka, suna miƙewa.

Haske ma haka yake. Idan abu yana nisanta da mu, igiyoyin haskensa suna miƙewa, sai layukan nan su gusa wajen ja. Wannan shi ne gusawa wajen ja. A 1929 wani masani a Amurka, Edwin Hubble, ya nuna cewa garkunan taurari suna nisanta da mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Dalili kuwa, sararin da yake tsakaninsu ne yake miƙewa kamar roba. Kun ga ke nan, idan an auna yadda layuka suka gusa, an san nisan abu.

A 1943 wani masanin, Carl Seyfert, ya ba da bayanin wasu garkuna masu ban mamaki. Tsakiyarsu tana haske ƙwarai, kuma layukansu suna nuna iska mai zafi tana gudu a ciki. Daga baya aka gano wasu ɗigo-ɗigo na haske masu kama da taurari, amma ba wanda ya iya karanta layukansu. Ɗaya daga cikinsu lambarsa 3C 273.

A 1963 Maarten Schmidt, mutumin ƙasar Holan da yake aiki a Kalifoniya, ya zauna da hoton hasken 3C 273. An ɗauki hoton da madubin dutsen Palomar, mai faɗin mita 5. Sai ya gane cewa ai layukan ba baƙi ba ne. Na haidurojin ne, wata iska wadda tana cikin abin da ya haɗa ruwan da muke sha. Gusawa kawai suka yi wajen ja, da kusan kashi 16 cikin 100. Shi ya sa aka kasa gane su.

Ma'anar wannan babba ce. Abin nan ba tauraron garkenmu ba ne. Haskensa ya yi shekara wajen miliyar 2 a hanya kafin ya iso. Idan ka hango wuta daga nesa ƙwarai kuma ba ta ɓace maka ba, ka san ba fitilar kwano ba ce, gobara ce. An yi lissafi, aka ga hasken 3C 273 ya ninka na garkenmu duka wajen sau 100.

Daga ina wutar nan take fitowa? Masana sun gano cewa kwazar tsakiyar wani garke ne. A tsakiyar akwai abin da ake kira baƙin rami. Nauyinsa ya kai na rana miliyoyi, wani ma miliyar. Ƙarfin jansa ya kai har haske ma idan ya faɗa ciki ba ya fitowa. Iska da ƙura suna kewaya shi da gudu, kamar guguwa, suna gogar juna. Kun san idan maƙeri yana wasa gatari da dutse, ƙarfen yana zafi. Haka iskar nan take zafi har ta yi haske. Hasken daga bakin ramin yake fitowa, ba daga cikinsa ba. Garkunan Seyfert ma haka suke, sai dai wutarsu ba ta kai ta kwazar ba.

Garkenmu shi ma yana da baƙin rami a tsakiya, mai nauyin rana miliyon 4. An fitar da hotonsa a 2022. Amma kada hankalin kowa ya tashi. Yana da nisa ƙwarai, kuma abin da yake haɗiya kaɗan ne, saboda haka ba ya haske kamar kwazar.

Zuwa yanzu an gano kwazar sama da miliyon ɗaya. Hasken wasunsu ya yi shekara miliyar 13 a hanya. Wanda ya dube su, yana ganin yadda suke a zamanin da hasken ya taso ne, ba yadda suke a yau ba. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, 3C 273 yana tsakiyar samanmu da dare, ko da yake ido ba ya ganin sa. Ikon Allah da yawa yake. Layukan nan sun daɗe a cikin haske, sai da aka sami mai iya karanta su sannan labarin ya fito.

Tambayoyi

1. Minti nawa hasken rana yake yi kafin ya iso gare mu?
2. Me ya sa ƙarar oda take yin kauri idan mota ta wuce?
3. Me Maarten Schmidt ya gane a 1963?
4. Daga ina hasken kwazar yake fitowa?