Bututun tsohuwar bindiga: yadda yake cinyewa da abin da canza shi yake nufi

Bututu shi ne sashen da ya fi kowane sashe shan wahala a jikin bindiga. A cikinsa albarushi yake kamawa, shi yake riƙe ƙarfin fashewar, shi kuma yake ba harsashi hanya har ya fita ta baki. Ƙota itace ce, in ta tsage masassaƙi yana iya fafe wata. Kunama da ƙananan ƙarafan da ke kewaye da ita ana gyara su ko a musanya. Amma in bututu ya lalace, bindiga ta tashi daga aiki, kuma ta zama haɗari ga mai riƙe da ita kafin ta zama haɗari ga abin da ya auna.

Tsofaffin bindigogin da aka sani a arewacin Zamfara, daga Kuryar Madaro da Ƙauran Namoda har Zurmi da Shinkafi, iri biyu ne. Akwai bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba da ta masu harbin bukin Sallah. Akwai kuma bindigar soja ta zamanin Turawa, wadda ake sa wa harsashi ta gindi. Bututun ta farko sumul yake a ciki. Na ta biyu an tsaga masa layuka a murɗe tun daga gindi har baki, domin harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi nesa bai kauce ba.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa, amma ta daɗe tana kayan sarauta kafin ta zama makamin da ake cin yaƙi da shi. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A lokacin jihadi kuwa, baka da kibiya da doki su ne suka yi aiki. Da su aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, da su Namoda da mutanensa Alibawa suka yi suna a wannan yanki, har aka ci Alƙalawa a 1808. Akwai riwayar da ta shahara cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a fadarsa ta Alƙalawa, wutar ta dawo ta ƙone shi. Almajiran Shehu sun lissafa wannan cikin karamominsa. Riwayar tana kuma nuna cewa mutanen wancan zamani sun san bindiga tana iya juyowa kan mai ita. A 1826, Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a bakin birnin Konya na Gobirawa, dubban mayaƙa, amma bindigogin da ya ƙirga ba su wuce arba'in da 'yan kai ba.

Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi da aka ƙiyasta sun kai 6,000 da igwa kusan 40, ana haɗa masa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birnin Damagaram. Mafi yawan bindigogin da fatake suke kawowa daga bakin teku ko daga Tarabulus ƙirar Birmingham ta Ingila ce ko Liège ta Beljiyam, kuma da yawa an ƙera su ne da araha domin kasuwar Afirka, da ƙarfe mara ƙwari. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu tsagin ciki, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka. An ga sakamakon wannan a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairun 1903, inda wani hafsan Ingila mai suna Wright da sojoji 44 suka tare dawakin Kano masu ɗimbin yawa, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a fagen. Daga nan rundunar Turawa ta bi ta Ƙauran Namoda, ta ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a ɓangaren Kanawa ba. Bututu ne ya bambanta: na Turawa yana kai harsashi ɗaruruwan yadi daidai inda aka auna, na Kanawa da ƙyar yake samun mutum a nisan yadi ɗari.

Abubuwa biyu ne suke kashe bututu, tsatsa da zafi.

Tsatsa ita ce cutar bindigar toka. Baƙin albarushi haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, kuma in ya ƙone ba ya ƙonewa duka. Yana barin baƙar dauɗa a jikin ƙarfe, dauɗar kuma tana jan laima daga iska. Bindigar da aka harba da damina aka jingine ba a wanke ba, cikin 'yan kwanaki tsatsa ta fara haƙa ƙananan ramuka a cikinta. Wurin da ya fi cutuwa shi ne can gindi inda albarushi yake zama, wanda shi ne wurin da ƙarfin fashewa ya fi yawa, shi ne kuma wurin da ido ba ya kaiwa. Shi ya sa ake ganin bindiga tana sheƙi a waje, an shafe ta da mai, an yi mata ado da fata da layu, alhali ƙarfen gindinta ya zama siriri kamar gindin tsohuwar tukunyar da wuta ta daɗe tana ci.

Bindigar soja ma ba ta tsira daga tsatsa ba. Sinadarin da yake tayar da wuta a gindin tsofaffin harsasai yana barin gishiri a cikin bututu, gishirin da mai ba ya narkar da shi. Saboda haka sojojin Ingila, har da 'yan ƙasar nan da aka kai yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, an hore su da zuba tafasasshen ruwa ta cikin bututu bayan harbi, a goge, sannan a sa mai. Amma babbar cutarta zafi ne. Kowane harbi yana ƙona ɗan abu kaɗan daga ƙarfen da ke daf da mazaunin harsashi, inda tsagin yake farawa. Sannu a hankali tsagin ya shafe, harsashi ya daina kama shi, ya riƙa fita yana tangaɗi, wani lokaci har ya bugi abin da aka auna a kaikaice.

Tarihin bindigar da Turawa suka shigo da ita ƙasar nan cike yake da canjin bututu. A 1888 Ingila ta karɓi bindigar Lee-Metford mai harsashin .303, wadda tsaginta mara zurfi ne, an yi shi domin baƙin albarushi. Bayan 'yan shekaru aka koma sabon albarushi mara hayaƙi mai suna kodayit, wanda zafinsa ya fi na da nesa ba kusa ba. Sai bututu ya riƙa shafewa bayan harbi kusan 6,000. A 1895 masana'antar gwamnati da ke Enfield ta fito da bututu mai tsagi biyar masu zurfi, bindigar ta koma Lee-Enfield. A wannan shekarar kuma aka fara kwance bututun tsofaffin Martini-Henry, masu cin harsashi ɗaya, waɗanda aka fara amfani da su tun 1871, ana ɗaura musu sabon bututun .303. Irin waɗannan gyararrun bindigogi su aka fi turawa ƙasashen da ake mulka. Jikar Lee-Enfield, wadda aka yi ta ƙerawa da yawa daga 1941, mai cin harsashi goma, ita ce 'yan sandan Najeriya suka daɗe suna saɓawa bayan samun 'yancin kai. A tsakiyar yaƙin duniya na biyu, don a yi sauri, an ƙera wasu da tsagi biyu kacal a maimakon biyar.

A wajen soja, canza bututu ba aikin mai riƙe da bindiga ba ne, ba ma aikin makanikin bataliya ba ne. Aikin babbar ma'aikatar makamai ne. Bututu yana shiga jikin bindiga ne da murɗi, an ɗaure shi tamau, kuma dole ya tsaya a daidai wurin da saitin gaba zai miƙe sak da na baya. Bayan wannan akwai 'yar tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da ƙarfen da yake toshe shi ta baya, tazarar da ake auna ta da ma'aunai na musamman, domin kuskuren da bai wuce kaurin 'yan silin gashi ba yana iya sa kwanson harsashi ya yage, iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Ana ɗaure bindigar a ɗaki mai kauri, ba kowa a kusa, a harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi. In ta jure, a buga mata hatimi. Birmingham ta buɗe gidan irin wannan gwaji tun 1813, kuma har yau laifi ne a Ingila a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi. Duk bututun da aka sake, sai an maimaita masa gwajin.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne abin da maƙerar gargajiya ba ta da shi. Maƙeran ƙasar Hausa gwanaye ne, kuma su suka riƙe bindigogin sarakuna da na maharba tsawon zamani, suna sake kunama, suna ɗaure ƙotar da ta tsage. Amma zuga-zugi da guduma ba sa nuna abin da ke cikin ƙarfe. Mafi muni shi ne bututun ruwa da wasu suke ɗaurawa a madadin na asali. An yi shi ne da lallausan ƙarfe da aka naɗe aka liƙe a tsaye, domin ya ɗauki ruwa, ba wuta ba, kuma ta wannan liƙin yake tsagewa. Hannun hagu, wanda yake tallafe da bututu, shi ne yake fara tafiya, sai ido. Haka nan tsohon bututun da aka yi domin baƙin albarushi, in aka ɗura masa na harsashin zamani, ba ya jurewa. Babu garin maharba da ba a san labarin wanda bindiga ta fashe a hannunsa ba, kuma abin takaici ne yadda ake yawan ɗora laifin a kan sammu ko ƙarewar kwana, a manta da tsatsar da ta yi shekaru tana aiki.

Doka ma ba ta bar wannan aiki a hannun kowa ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar soja, wadda dokar ta ambaci mai harsashin .303 a cikinta, haramtacciya ce sai da izinin Shugaban Ƙasa, komai tsufanta. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa lasisinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta, dokar ta keɓe shi ga ma'aikatun gwamnati da wanda aka ba izini a rubuce. A yankin da ɓarayin daji suka addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙauran Namoda sama da shekara goma, ba a buƙatar dogon bayani kan dalilin wannan tsanani.

Saura bindigar da ta riga ta zama kayan tarihi, irin wadda ake gado a gidajen sarauta da gidajen tsofaffin sojoji. Masu kula da gidajen tarihi ba sa canza wa irin wannan bututu, kuma suna da gaskiya. A jikin bututu ake samun mafi yawan shaidar da bindiga take ɗauke da ita: hatimin gidan gwaji da yake faɗin ƙasar da aka ƙera ta, lambar da ta dace da ta jikin bindigar, wani lokaci shekarar ƙira, da 'yar alamar kibiya da gwamnatin Ingila take bugawa a kan kayanta. Daga waɗannan alamomi mai bincike yake gane ko bindiga ta biyo ayarin Tarabulus ne, ko ta hauro daga Ikko da Lakwaja, ko wani sojan yaƙin Bama ne ya saɓa ta a fagen daga. In aka cire bututun aka jefar, an sami abin da yake harbi, an rasa takardar shaidarsa, kuma ba mai iya dawo da ita.

Abin da ake yi wa irin wannan bindiga kaɗan ne. Da farko masani ya tabbatar babu ɗuri a cikinta, domin bindigar toka tana iya shekara da shekaru da albarushi a gindi, kuma albarushin da ya bushe yana tashi ko bayan tsawon zamani. Ba a kankare tsatsa da yashi ko magagari, domin hatimin yana tafiya tare da ita. Ana share ƙura, a shafa mai kaɗan a ƙarfe ba tare da an jiƙa itacen ba, a ajiye ta nesa da laima da gara, ba a cikin kuben fata ba, saboda fata tana riƙe danshi. Sai a rubuta sunan wanda ya riƙe ta da inda ya same ta tun masu sani suna raye. Iyalin da suke son a adana gadonsu bisa doka suna iya bi ta hannun masarauta da 'yan sanda su miƙa shi ga gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda ake ajiye kayan yaƙin da tare da bayanin masu su.