Sirace

Sirace, wasu kan ce surace, hanya ce ta maganin gargajiya a ƙasar Hausa inda mutum ke lulluɓa da mayafi a kan tukunyar ruwan zafi da aka dafa ganyaye a ciki, ya shaƙi tururin har ya yi gumi. Ana yin sa domin mura, toshewar hanci, ciwon kai da zazzaɓi. A garuruwan arewacin Jihar Zamfara, irin su Ƙauran Namoda, Shinkafi da Gurbin Ɓore ta ƙaramar hukumar Zurmi, an fi yin sa lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma ƙarshen damina sa'ad da zazzaɓi ke yawa.

Suna

Kalmar tana da alaƙa da suraci, wato tururin da ke tashi daga ruwan zafi. Sirace ya bambanta da turare ko hayaƙi, inda ake barbaɗa magani a kan garwashi cikin kasko. A sirace ba a ƙona komai, tururi ne ke ɗauko ƙamshi da man da ke cikin ganyen.

Kayan haɗi

Ba a sayen wata na'ura. Tukunya mai murfi, ruwa, kujera 'yar tsugune da bargo ko zane mai kauri sun wadatar. Ganyayen da aka fi sakawa su ne na darbejiya, mangwaro, gwaiba, lemun tsami da bishiyar turare, sai kuma tazargade. Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro, asalinta daga ƙasar Indiya ne, kuma a zamanin mulkin Turawa ta bazu a arewacin Najeriya. Wasu kan ɗiga man shafawa mai yaji kamar Robb ko Mentholatum a maimakon ganye.

Yadda ake yi

Ana wanke ganyen, a zuba a tukunya, a rufe, a bar shi ya tafasa. Daga nan sai a sauke, a ajiye a ƙasa inda ba za ta goce ba, a ɗan saurara zafin ya sassauta. Mai yin siracen zai zauna, a lulluɓe shi tare da tukunyar, ya buɗe murfin kaɗan-kaɗan, ya rufe ido, ya nisanta fuskarsa da ruwan kamar tsawon kamu ɗaya. Minti 5 zuwa 10 ya isa. Idan hanci kawai ake nufi, akan juye ruwan a kwano a rufe kai da tawul. Bayan an gama, wasu kan sirka ruwan su yi wanka da shi.

Abin da bincike ya nuna

Ɗumi da laima suna tausasa majina, shi ya sa mutum kan ji numfashinsa ya buɗe na ɗan lokaci. Sinadarin mentol kuma yana sa hanci ya ji sanyi kamar ya washe. Sai dai wannan sauƙi ba warkewa ba ne. A shekarar 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan shaƙar iska mai ɗumi da laima, ba ta kuma samu tabbatacciyar hujjar cewa tana warkar da mura ba.

Sirace ya ƙara yaɗuwa a shekarar 2020 lokacin annobar korona, inda aka yi ta neman tazargade a Kano da wasu birane. Tururi ba ya kashe ƙwayar cutar da ta riga ta shiga jiki. Haka nan zazzaɓin cizon sauro a cikin jini yake, tururi ba ya kai gare shi. Gumi na iya sa jiki ya yi sanyi alhali cutar tana nan, jinkirin zuwa asibiti kuwa yana iya halaka ƙaramin yaro ko mai juna biyu. Abin da ya dace shi ne gwajin jini da shan maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Haɗari

Babban haɗarin shi ne ƙuna. Ruwa na tafasa ne a digiri 100, kuma a ƙarƙashin bargo mutum ba ya ganin inda ƙafarsa take. A 2020 likitocin Asibitin Yara na Birmingham da ke Ingila sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da suka ƙone saboda sirace. Don haka likitoci ba sa ba da shawarar a yi wa ƙananan yara, kuma man shafawa mai kafur ba ya dacewa da jarirai.

Bai kamata a shigar da murhun gawayi ƙarƙashin mayafi ba, domin garwashi na fitar da iskar guba marar wari wadda kan sumar da mutum ko ta kashe shi. Mai ciwon asma ko farfaɗiya, da tsoho mai rauni, su nemi shawarar likita tukuna, kuma kada kowa ya yi shi ba tare da wani a kusa ba. Idan an ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har tsawon minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki, sannan a garzaya asibiti.