Ka Sake Karanta Labarin Budurwar Danƙo, Ka Ga Ko Za Ka Yi Dariya

Idan a Tudun Wada ko Doguwa ka tashi, ka san yadda Disamba take. An gama girbi, kara ya cika ko'ina, makarantu sun tafi hutu. Lokacin ne yara mata ke fere kara su yi 'yar tsana, su roƙo ƙyalle wurin tela su ɗaura mata. A gidajen Hausawa Kirista guntun atamfar Kirsimeti ne zanen amarya, a gidajen Musulmi kuwa ragowar ɗinkin Sallah. Har aure ake ɗaura mata, da tuwon ƙasa a matsayin gara. Dare ya yi, a kewaye wuta saboda hunturu, a shiga tatsuniya.

Akwai tatsuniya guda wadda 'yar tsana ce gwarzuwarta, alhali ko uffan ba ta ce ba. Ka tuna ta? Gizo ya addabi wata gona da sata. Mai gona ya gaji, ya ƙera budurwa da danƙo, ya kafe ta a tsakiyar gona. Gizo ya zo cikin dare, ya yi mata magana, shiru. Ya kai hannu, hannu ya manne. Ya kai ɗayan, ya kai ƙafa, ya kai goshi. Gari ya waye aka same shi maƙale.

Muna yara, nan ne muke faɗuwa da dariya. To nemo ta yanzu ka karanta. Tsohuwar tatsuniya ce, tun 1913 wani Bature mai suna Tremearne ya sa ta a littafinsa kan al'adun Hausawa. Tana da 'yar'uwa ma a Amurka, wadda Joel Chandler Harris ya buga a 1880 daga bakin baƙaƙen fata, sai dai can zomo ne ya maƙale, kuma da kwalta aka yi yarinyar.

Abin da za ka fara lura da shi, mai gonar nan ba shi da imani ko kaɗan, amma ya iya karantar mutum. Bai haƙa rami ba, bai ɗana tarkon ƙarfe ba. Ya san Gizo ciki da waje, sai ya ƙera masa abin da ba zai iya wucewa ba. A wata ruwayar kyanta ne ya ja shi, a wata kuma haushin an ƙi amsa masa gaisuwa. Ko ma dai wanne ne, budurwar ba ta yi komai ba. Gizo ne ya kai kansa, gaɓa bayan gaɓa, kuma a kowane mataki yana da sauran damar tsayawa.

Yanzu duba wayarka, don Allah. Wannan kyakkyawar da ta turo maka saƙo a Facebook, hotonta uku kacal, ba ta taɓa yarda ku yi kiran bidiyo ba, amma kullum katinta ya ƙare. Ka tura dubu biyu, hannu ɗaya ya manne. Ka ƙara biyar don kada ta farko ta tafi a banza. Ke ma 'yar'uwa ba ki tsira ba, akwai saurayin danƙo, mai hoto jikin motar da ba tasa ba, yana neman ki turo abin da gobe zai riƙe ki da shi. Ga kuma shafin bogi a TikTok da aka buɗe don kawai ya tunzura ka, ka kwana kana zagin wanda babu shi, shi kuwa mai gonar yana can yana ƙirga masu kallo.

Ni dai tausayin Gizo nake ji yanzu, duk da ɓarawo ne. Shi aƙalla mai gona kaɗai ya same shi da safe. Kai kuwa kafin azahar an ɗauki hoton hirarku, ya zaga rukunin WhatsApp na 'yan ajinku daga Kiru har Bebeji.