Kwas ɗin Turanci na aji ɗaya: dokokinsa da abin da ake so daga gare ka

Yau magana ta da ƙannenmu ne da suka samu gurbin jami'a bana, da ma yayyen da ke biya musu kuɗin makaranta.

Akwai wani kwas da kowane ɗalibin jami'a a Najeriya sai ya yi shi a aji ɗaya, ko likitanci yake karanta, ko injiniya, ko Larabci. Kwas ɗin Turanci ne. A sabuwar manhajar da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, sunansa GST 111, kuma yunit 2 ne kacal. Wannan ƙanƙantar tasa ce take yaudarar mutane. Sai ka ji ɗalibi na cewa, "Ai na ci Turanci a WAEC, na yi a JAMB, me kuma ya rage?"

Ni kaina haka na ce. Ban shiga lakcar ba sai sau uku, na tsallake tes, sakamako ya fito da F. Sai da na koma na zauna da ƙannena a shekara ta biyu, lokacinsa kuma yana karo da wani kwas na sashenmu. Wallahi na ji jiki.

To bari mu bi dokokin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kwas ne na dole. In ba ka ci shi ba, ba a yaye ka. Ko duk kwasa-kwasan sashenku A ka samu, wannan ɗaya zai iya riƙe ka, abokanka su tafi bautar ƙasa kai kana jiran wata shekarar.

Na biyu, rajista. Ka tabbata kwas ɗin ya fito a fom ɗin rajistarka, an sa hannu, ka ajiye kwafi. Wanda ya rubuta jarabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, aikin banza ya yi.

Na uku, halartar aji. A jami'o'i da yawa ƙa'idar ita ce sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ka cancanci shiga jarabawa. Na san ajin cike yake, wani lokacin ɗaruruwan mutane a ɗaki guda, lasifika ma ba ta aiki. Ka je da wuri ka zauna a gaba. Kuma kar ka sa aboki ya rubuta maka suna a takardar halarta. In aka kama, ku biyun ne a ciki.

Na huɗu, maki. Yawanci tes da asainmen suna ɗaukar maki 30 ko 40, jarabawa ta ɗauki sauran. Daga 70 zuwa sama A ne, ƙasa da 40 faɗuwa ce. Ku yi lissafin da ni: A tana da maki 5, sau yunit 2, ka samu 10. F kuwa sifili ne, kuma yunit biyun nan suna cikin abin da za a raba a fitar da GPA ɗinka. Wanda ya tsallake tes mai maki 30, sai ya nemo 40 cikin 70 ɗin da suka rage kafin ya tsira da ƙyar. Kun ga inda na faɗi kenan.

Na biyar, aikinka ya zama naka. Kwafo rubutu daga intanet, ko daga ChatGPT, ko daga takardar aboki, ka miƙa da sunanka, sata ce a dokar jami'a. Satar amsa a ɗakin jarabawa kuwa tana iya kai mutum ga kora gaba ɗaya. Waya ma kar ta shiga ɗakin da kai, ko a kashe take.

To me ake koyarwa? Sautukan Turanci, rabe-raben kalmomi, ginin jimla, sakin layi, taƙaita rubutu, wasiƙa, rahoto, da magana a gaban jama'a. Mu Hausawa akwai wuraren da muke yawan zamewa. Turanci yana da sautuka 44, 20 daga ciki wasula ne, mu kuwa da wasula biyar muka saba, gajeru da dogaye. Ga rikicin p da f, inda pull da full ke zama abu ɗaya a bakinmu. Ga fassara kai tsaye, mutum zai fita ya ce "I am coming" don yana nufin "ina zuwa". Ba abin kunya ba ne. Kowane harshe yana barin tabonsa a bakin mai shi, ajin nan kuwa don gyaran hakan aka yi shi.

Abin da malamin yake nema a wajenka shi ne ka iya rubuta sakin layi ɗaya mai ma'ana da kanka. Manyan kalmomi ba sa ba da maki. Gajeriyar jimla daidai ta fi doguwar da ta ɓace a hanya. Wannan hannun ne za ka rubuta furojet da shi a ajin ƙarshe, da shi kuma za ka rubuta takardar neman aiki.

Ga aikin wannan mako: ka nemi littafin dokokin ɗalibai na jami'arku ka duba adadin halarta da rabon maki, domin kowace makaranta da nata tsarin. Sannan kullum ka karanta shafi ɗaya na jarida, ka taƙaita shi a jimla biyar. In kuma wani abu ya hana ka tes, kamar rashin lafiya, ka sanar a rubuce da wuri, da takardar asibiti, kar ka jira sai sakamako ya fito.

Wanda yake da ƙani ko ƙanwa a aji ɗaya, ya tura musu wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba da sa'a.