Kawowa da Kaiwa a Sifaniyanci: Traer da Llevar

Sifaniyanci yana da aikatau biyu na ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri, traer da llevar, kuma abin da ya raba su shi ne inda mai magana yake tsaye. Idan kayan zai iso wurinsa, traer ake amfani da shi. Idan zai bar wurinsa ya nufi wani waje, sai llevar. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne, domin haka yake raba kawo da kai. Wanda ya zauna cin abinci a Madrid zai ce wa mai hidima "tráigame agua", wato kawo mini ruwa, uwa kuma ta ce "llevo a los niños a la escuela", ina kai yara makaranta.

Sai dai wannan kama ba ta game ko'ina ba. Bahaushe yakan sa kansa a wurin wanda yake magana da shi, ya ce wa abokinsa a waya, "gobe zan kawo maka littafin", alhali abokin yana can gidansa. Sifaniyanci bai cika yarda da wannan ba. Tunda littafin zai bar inda mai magana yake, "mañana te llevo el libro" zai ce. Wanda aka gayyata walima shi ma "¿qué llevo?" yake tambaya, mai gida ya amsa masa da "trae pan", zo da burodi. Burodin ɗaya ne, aikatau ya sauya saboda bakin da ya faɗa. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe.

Wajen sarrafawa llevar ba ya ba da wahala: llevo, llevas, llevé. Traer kuwa yana da gardama, "ina kawowa" traigo ne, "na kawo" traje, "sun kawo" trajeron. Asalinsa trahere ne na Latin, wato ja, shi kuwa llevar daga levare ya fito, ɗagawa.

Llevar ya fi faɗin aiki. Da shi ake faɗin tufar da mutum ya sa, "lleva sombrero", yana sanye da malfa. Da shi ake ƙirga zama, "llevo tres años en Sevilla", shekarata uku a Sevilla. Abincin da za a ƙunshe a tafi da shi "para llevar" ne. A Meziko kuma traer yakan ɗauki ma'anar abin da ke jikin mutum, har a tambaye shi "¿traes dinero?", akwai kuɗi a jikinka? Kaya mai nauyi, irin buhun da ake saɓawa a kafaɗa ko lodin mota, yana da nasa aikatau, cargar.