Rikicin Katolika da Furotasta a Faransa: abin da ya sa sunayen kakanni ke ɓacewa daga rajista

Duk wanda aka yi wa haihuwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san inda ake neman takardar haihuwa: ma'aikatar magajin gari. Musulmi ne ko Kirista, littafi ɗaya ake buɗe masa. Wannan tsari da Nijar ta gada daga Faransa ya samo asali ne daga dokar 20 ga Satumban 1792. Kafin wannan rana, limaman cocin Katolika ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Faransa. Shi ya sa masu binciken asalin zuri'arsu a can, da jikokin Faransawan da suka watsu Ingila, Jamus da Afirka ta Kudu, sukan bi sawun kakanni har su iso inda sawun ya yanke. Galibi dangin ba ƙarewa suka yi ba. Rikicin addini ne ya sauya wanda ke riƙe da alƙalami.

Mafarin rigimar

A 1517 Martin Luther ya fito fili yana sukar wasu ayyukan cocin Katolika a Jamus, daga nan aka samu ɓangaren Furotasta. A Faransa koyarwar Jean Calvin ce ta fi karɓuwa, ana kuma kiran mabiyanta Huguenots. A 1562 aka kashe masu ibada ƴan Furotasta a garin Wassy, abin da ya buɗe ƙofar yaƙe-yaƙe takwas cikin shekaru 36. Mafi muni shi ne kisan da ya fara a Paris ranar 24 ga Agustan 1572, ya bazu wasu garuruwa, dubban mutane suka halaka.

A daidai wannan zamani ne rajistar jama'a ke kafuwa. Dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta umarci limaman Katolika su riƙa rubuta baftismar jarirai, dokar Blois ta 1579 kuma ta ƙara aure da jana'iza. Ke nan littafin coci shi ne shaidar haihuwa, shi ne kuma hujjar gado a gaban alƙali.

Sarki Henri na 4 ya kashe wutar da dokar Nantes a 1598, wadda ta ba ƴan Furotasta damar yin ibada a wasu wurare da aka ƙayyade. Shekaru 87 fastocinsu suna riƙe da nasu littattafai. Wanda ke neman kakansa na wannan lokaci bai gan shi a littafin Katolika ba, sai ya duba na Furotasta. Sunan yanka ma yakan ba da haske, domin ƴan Furotasta sun fi son sunayen da ke cikin Tsohon Alkawari, irin su Abraham, Isaac, Daniel, Judith da Esther.

1685: shekarar da sawu ke yankewa

Tun 1681 hukumomin Sarki Louis na 14 suka fara sauke sojoji a gidajen ƴan Furotasta na yankin Poitou, su ci su sha su ɓarnata dukiya har sai maigida ya sa hannu cewa ya koma Katolika. A Oktoban 1685 sarkin ya soke dokar Nantes ɗungurungum. Aka rushe majami'unsu, aka ba fastoci kwanaki 15 su fita daga ƙasar, aka hana sauran mabiya ficewa. Namijin da aka kama yana gudu ana tura shi aikin tuƙi a jiragen ruwan sarki, mace kuwa kurkuku. Dokar ta kuma ce duk jaririn da aka haifa limamin Katolika ne zai yi masa baftisma.

A nan masu bincike suka fi yin kuskure. Ganin sunan yaro a littafin Katolika bayan 1685 ba ya nufin iyayensa Katolika ne. Da yawa sun kai jariransu ne don tilas, a gida kuma suna kan akidarsu. Limamai kan rubuta haruffa N.C. kusa da sunansu, wato sababbin tuba. Akwai kuma jerin sunayen waɗanda suka yi rantsuwar barin akidarsu, wani lokaci gari guda a rana ɗaya, kuma waɗannan takardu kan nuna mata da miji da ƴaƴa a wuri guda.

Auren ɓoye da gadon da ke salwanta

Lokacin da ya biyo baya ƴan Furotasta suna kiransa zamanin Hamada, saboda a daji da kogunan duwatsu suke taruwa, musamman a yankin Cévennes na kudanci. Fastocin da ke yawo a ɓoye suna ɗaura aure, suna baftisma, suna rubutawa a ƙananan littattafai da suke ɗauke da su. Kamu kuwa ba wasa ba ne: Marie Durand, ƙanwar wani fasto, ta yi shekaru 38 a kurkukun hasumiyar Constance da ke Aigues-Mortes, daga 1730 zuwa 1768.

A idon doka auren Hamada ba aure ba ne. Limamin Katolika yakan rubuta ƴaƴan irin wannan aure a matsayin waɗanda aka haifa ba da aure ba, kuma idan uba ya rasu dangi na nesa na iya ƙwace gado a kotu. Jikan da ya ga wannan rubutu a yau yana iya ɗaukar abin kunya ne ya faru a gidansu, alhali kakanninsa sun yi aure bisa addininsu. Hujjar takan fito daga wurin notaire, jami'in da ke rubuta yarjejeniyar aure da wasiyya, domin shi kowa na zuwa wurinsa saboda dukiya.

Mutuwa ma haka take. Wanda ya ƙi karɓar limami a gadon ajali ba a binne shi a maƙabartar coci, sai a gona ko bayan gida. Daga 1736 dangi kan nemi izinin binnewa daga alƙali, don haka labarin rasuwarsa yana cikin takardun kotu.

Sai a Nuwamban 1787 Sarki Louis na 16 ya ba waɗanda ba Katolika ba damar yin rajista a gaban alƙali. Ma'aurata da suka tsufa tare suka je suka bayyana aurensu da ƴaƴansu da ranakun haihuwa. Littattafan 1788 da 1789 kan cike giɓin shekaru talatin ko arba'in a shafi ɗaya.

Waɗanda suka tsallaka iyaka

Duk da hanin, kusan mutum 200,000 ne suka gudu zuwa Holan, Ingila, Suwizalan da Jamus, wasu har Amurka. Kimanin 200 sun sauka Afirka ta Kudu a 1688 da 1689, a yankin da ake kira Franschhoek, wato kusurwar Faransawa. Sunaye irin su Du Toit, De Villiers da Du Plessis daga can suke.

Suna kan sauya da bakin masu masauki. Pinard ya koma Pienaar, Le Clerc ya koma De Klerk, sunan shugaban Afirka ta Kudu da ya saki Nelson Mandela a 1990. A Amurka, mahaifin Paul Revere sunansa na asali Apollos Rivoire. Mai bincike sai ya bi lafazin suna, kada ya tsaya kan rubutunsa.

Har kwanan wata rikicin ya shafa. Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda a 1582, Faransa ta bi a shekarar, amma Ingila ta Furotasta ba ta karɓa ba sai 1752. Tsakanin Paris da Landan akwai bambancin kwanaki 10, daga 1700 kuma 11. Takardu biyu masu saɓanin kwanaki kaɗan na iya zama na mutum ɗaya.

A yau yawancin ma'ajiyar tarihi ta jihohin Faransa sun saka tsofaffin littattafan coci a intanet kyauta, ƙungiyar tarihin Furotasta ta Faransa da aka kafa a 1852 kuma tana da ɗakin karatu a Paris. Kafin a buɗe ko wanne littafi, tambayar farko ita ce: a wace shekara kakan ya rayu, kuma wa doka ta ba ikon rubuta sunansa a lokacin? Amsar ce za ta nuna ko littafin fasto za a nema, ko na limamin Katolika, ko na alƙali, ko na magajin gari.